Fitilar Silin Banɗaki a Tsohon Gida: Kun Tambaya, Mun Amsa

Wasiƙun wannan fitowar daga masu gyaran tsofaffin gidaje suke, irin gidajen da ake so a sabunta ba tare da an ɓata musu kamannin zamaninsu ba. Fitilar silin banɗaki ce ta fi jawo tambaya. Ma'aikatan lantarki da magina masu aikin tsofaffin gine-gine ne suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna gyaran gidan da aka gina a farkon shekarun 1900. Silin banɗakin ya kai mita 3. Na samo wata fitila mai sarƙa da duwatsun gilashi masu lilo, ina so a rataye ta daidai saman bahon wanka. Mai aikin wutarmu ya ce ba zai sa ba, wai ba ta da IP. Gaskiyarsa ce, ko dai ƙyuya ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gaskiyarsa ce, kuma ki riƙe shi da kyau.

IP lamba ce da ake bugawa a jikin kayan wuta ko a kwalinsu, tana nuna iya abin da suke tarewa. Alƙaluma biyu ne ke biye da haruffan. Na farko na ƙura ne da abubuwa masu tauri, na biyu na ruwa. Yawancin fitilun falo IP20 ne: yatsa ba zai kai inda wuta take ba, amma sifilin nan na ƙarshe yana nufin ko ɗigon ruwa ɗaya ba a yi alkawarin tarewa ba. IP44 na nufin abin da ya fi milimita 1 kauri ba zai shiga ba, ruwa kuma in ya fantsamo ta kowace fuska ba zai yi lahani ba. IP65 ƙura ba ta shigarta sam, tana kuma jure feshin tiyo. In kika ga X, kamar IPX4, ruwan kaɗai aka gwada.

Ƙa'idar wayarin ta Birtaniya, BS 7671, wadda ta bi sawun ƙa'idar ƙasa da ƙasa a wannan babi, ta raba banɗaki shiyya-shiyya. Shiyya ta 0 ita ce cikin bahon kansa ko daɓen shawa: ba abin da ke shiga nan sai mai IPX7 da wuta marar ƙarfi, bolt 12. Shiyya ta 1 ita ce sararin da ke saman baho ko shawa har zuwa tsawon mita 2.25 daga daɓe. Shiyya ta 2 ta ƙara santimita 60 a gefe, daga bakin bahon, tsawonta ɗaya da ta 1. A waɗannan biyun mafi ƙaranci IPX4 ake buƙata, in kuwa ana wanke wurin da feshin ruwa mai ƙarfi sai IPX5. In shawar ba ta da baho ko tire, ruwa na zuba kan tayil ne kawai, shiyya ta 1 ta miƙe har mita 1.2 daga inda ruwan ke fitowa.

To, ɗauko tef ki auna. Silinki mita 3 ne. In fitilar da sarƙarta sun sauko santimita 80, gindinta na kan mita 2.2, ta faɗa shiyya ta 1 ke nan. Ko da an rage sarƙar ta haura layin, mutum dogo in ya miƙe a cikin baho ya ɗaga hannu zai iya taɓa ta, jikinsa jiƙe, ƙafarsa cikin ruwa. Dokar Amurka ma ta fi tsauri: ba a yarda da fitilar ratayewa ba a cikin santimita 90 daga gefen baho, ko ƙasa da mita 2.5 daga saman bakinsa. Bakin baho yakan kai rabin mita ko fiye daga daɓe, don haka a ɗakinki babu gurbinta a saman bahon ko kaɗan.

In ranki ya kwanta da wannan salon, akwai masu ƙera irinta da IP44, ƙananan ƙwayayenta a rufe cikin kwalabe masu zoben roba. Ita ma mun fi so ta koma tsakiyar ɗakin, nesa da baho. Wadda ke hannunki kuwa, baranda ko saman matakala za ta fi yi mata kyau, domin tururi kaɗai ya isa ya dusar da duwatsun ya sa ƙananan wayoyin da ke riƙe da su tsatsa. Kowace kika zaɓa, a tabbata layin wutar banɗakin yana bi ta RCD mai miliyamfiya 30, na'urar da ke yanke wuta nan take in ta fara zurarewa ta jikin mutum.

Tambaya: Gidanmu na shekarun 1930 ne, tayil ɗin banɗakin baƙi da fari, na asali. Wace irin fitila ce za ta dace da shi? Masu sayarwa kowace suka ɗauko sai su ce ta gargajiya ce.

Amsa: Malam, abin da ba za su gaya maka ba shi ne banɗakunan wancan lokacin ba su san fitilar alfarma ba. Ƙwan lantarki sai wajejen 1880 ya fara shiga kasuwa, ta hannun Swan a Ingila da Edison a Amurka, kuma an daɗe kafin ya kai gidajen talakawa. Gidaje da yawa na zamanin Sarauniya Victoria, 1837 zuwa 1901, an gina su ba banɗaki a ciki, daga baya aka yanki ɗakin kwana aka mayar. Da banɗakin ya zo, tsafta aka sa a gaba: farin tayil, tangaran, ƙarfe mai santsi da ake gogewa da tsumma. Fitilar ɗaya ce tak a tsakiya, dunƙulen farin gilashi a kan gindin tangaran ko ƙarfe.

Wannan ya sauƙaƙa maka, domin siffar da ta fi dacewa da tarihi ita ce kuma ta fi sauƙin rufewa daga ruwa. Ga gidan shekarun 1930, nemi farin gilashi mai kalar madara, ko dai zagayayye ko mai hawa-hawa kamar matakala, salon da ake kira Art Deco, wanda ya samo sunansa daga baje kolin Paris na 1925. Ƙarfen ya zama kurom, wanda a ƙarshen shekarun 1920 ya fara ture nikel a kayan banɗaki. Ga wanda gidansa ya girmi haka, nikel ya fi dacewa. Shi ma fari ne amma da ɗan ɗumi-ɗumi, ba shi da shuɗin ƙyallin kurom. Gilashi mai zane-zanen tsagi irin na kamfanin Holophane, wanda ya fito tun shekarun 1890, shi ma ya dace da gidan farkon ƙarni na 20.

Ka duba kan famfunanka, fitilar ta bi launinsu. Ka kuma tambayi abin da ke ƙarƙashin ƙyallin. Tagulla ta gaske da aka lulluɓe da kurom ko nikel tana daɗewa. Baƙin ƙarfen da aka yi wa wankan launin tagulla kuwa, tsatsa ke ɓullo masa daga bakin ramukan sukuru. Je da mayen ƙarfe: in ya manne, ba tagulla ba ce. Tagullar da ba a shafa mata banish ba za ta yi duhu da tabo-tabo a banɗaki. Wasu haka suke so, amma a sani tun kafin a saya.

Girma kuwa, ƙaramin banɗaki faɗin santimita 25 zuwa 30 ya ishe shi. Silin da bai wuce mita 2.4 ba, a sa mai mannewa da sili. Mai gajeriyar sanda sai silin ya kai mita 2.7, kuma a bar aƙalla mita 2.1 tsakanin gindinta da daɓe. A buɗe ƙofa da murfin kabad a gani ko za su doke ta.

Tambaya: Na sayi fitilar tagulla mai IP44. Da muka kwance tsohuwar, waya biyu kawai muka tarar a silin, babu ta uku, kuma robar jikinsu na marmashewa in an taɓa. Wani ya ce a naɗe da salatif a ci gaba. Ya halatta?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, a dakata. Kai IP ka sa wa ido, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba.

Waya ta uku ita ce wayar ƙasa. Aikinta, in waya mai wuta ta taɓa gangar jikin fitilar, ta kwashe wutar ta sa abin yanke wuta ya faɗi. In babu ita, tagullar nan za ta ɗauki wuta ta zauna shiru, fitila na ci kamar ba komai, sai ranar da wani ya hau kujera zai canja ƙwai. A Birtaniya sai a 1966 aka wajabta wayar ƙasa a layin fitilu, saboda haka gidajen da wayarinsu ya girmi wannan shekarar galibi ba su da ita. A Amurka ma tsohon wayarin nan mai bi ta kan dunƙulen tangaran, na kafin shekarun 1940, waya biyu ne.

Marmashewar robar ita ce babbar matsalar. Kafin a koma leda, da roba ake lulluɓe waya, kuma inda ta fi lalacewa shi ne daidai saman fitila, inda zafin ƙwai ya yi shekaru yana gasa ta. Salatif zai rufe ɗan abin da ido ya gani, sauran na cikin sili kuma motsin da kuka yi masa ya riga ya tsattsage shi. Ma'aikaci ya zo da na'urar gwaji ya auna ƙarfin lulluɓin wayar. Ana gwajin da bolt 500, mafi ƙarancin abin da ake karɓa megawom 1 ne, kodayake wayar da ke marmashewa a hannu ba ta buƙatar na'ura ta yanke mata hukunci. A ja sabon layi mai waya uku, kauri milimita murabba'i 1 ko 1.5, a kan abin yanke wuta mai amfiya 6, da RCD. Tunda gyara kuke yi, yanzu ne lokacin, kafin fenti.

Da a ce wayar lafiyarta lau, ta ƙasan ce kawai babu, da akwai mafita ta wucin gadi: fitila mai lulluɓi biyu, wadda ake yi wa alamar ƙaramin murabba'i a cikin babba. Ba ta buƙatar wayar ƙasa, kuma akwai masu siffar da a cikinsu, na tangaran da gilashi. Makunnin ma kada ya zama na ƙarfe. Abin da ba a yi ko kusa shi ne ɗauro waya daga bututun ruwa a ce an samu ƙasa. In wani wuri a hanya an sauya bututun da na roba, sai ya zama an kai wuta kan famfo.

Makunni kuwa, ko dai na igiya mai saukowa daga sili, ko a fitar da shi bakin ƙofa ta waje. Mazauna Ingila su sani, tun 2005 jan sabuwar waya a cikin shiyyoyin banɗaki aiki ne da ake sanar da hukumar gine-gine, ko a ba ma'aikaci mai rajista ya yi ya ba da takarda.

Tambaya: Silinmu na tsohuwar filasta ne da aka yaɓa a kan siraran katako. Fitilar da muka zaɓa ta kai kilo 4. Yaya za a ɗaura ta? Ko gara mu huda mu sa ƙananan fitilun nan na cikin sili guda shida, mu huta?

Amsa: Hajiya, fara da sanin yadda silin yake tsaye. Siraran katakon, kaurinsu kamar milimita 6, faɗinsu kamar yatsu biyu, an kafe su da ƙusa a jikin manyan katakon rufi, da 'yar tazara a tsakaninsu. Da magini ya danna filastar, sai ta kutsa ta cikin tazarar ta lanƙwaso ta baya ta bushe. In kika leƙa daga sama za ki ga layi-layin dunƙulen filasta sun yi ƙugiya a bayan katakon. Waɗannan ƙugiyoyin ne ke riƙe da silin gaba ɗaya, kuma jijjiga ce ajalinsu. In sun karye, filastar takan yi ciki ta sauko, wata rana ta zubo.

Saboda haka nauyin fitila ba ya hawa kan filasta ko siraran katako, sai kan babban katakon rufi. Tazarar manyan katakon takan kai santimita 40. Na'urar neman katako tana ruɗewa a irin wannan silin, don ko'ina katako take gani. In ana iya hawa sama, a auna daga can. In ba a iya, a kashe wuta, a yi 'yan huji da bakin injin huji mai milimita 2 a cikin da'irar da gindin fitilar zai rufe: inda ya faɗa fanko babu katako, inda ya ci gaba da ci yana fito da gari an same shi. In katakon bai zo daidai inda ake son fitilar ba, kafinta ya gitta guntun katako mai milimita 50 da 100 tsakanin manyan biyu, ya ɗaure da sukuru, ba da guduma ba.

A manna tef ɗin fenti a kan filastar kafin a huda, yana rage ɓantarewa. A kashe bugun injin, juyawa kawai. Sukuru ya zama na tagulla ko ƙarfe marar tsatsa, kauri milimita 4, tsawo 60 zuwa 70, yadda zai ratsa filasta da siririn katako ya nutse aƙalla milimita 30 cikin babban. A ƙarasa ɗaurewa da hannu. In fuskar silin ba ta miƙe ba, gindin fitilar na rawa, a sa zagayayyen faifan katako a tsakani a shafa masa fenti; haka ake yi tun asali, don haka bai saɓa wa zamanin gidan ba.

Ƙananan fitilu shida kuwa ba mu goyi baya ba. Kowane rami mai santimita 7 ko 8 zai yanke siraran katako biyu ko uku, ƙarfen da ke maƙale fitilar kuma yana cin bakin filastar duk lokacin da aka zare ta. Ramukan suna ba tururi hanyar hawa cikin rufi, suna kuma rage wa silin ƙarfin tare gobara. Ga shi ba abin da ke tona asirin gyara a tsohon ɗaki kamar su. Inda muke yarda da guda ɗaya shi ne cikin ɗakin shawa mai duhu, mai IP65 kuma mai jure wuta, musamman in an riga an sauya silin wurin da sabon allo.

Wani abu kafin a taɓa inji: in an taɓa yi wa silin kwalliyar nan mai gurzi-gurzi, a kai ɗan samfur a gwada. Har tsakiyar shekarun 1980 ana zuba asbestos, wani ma'adini da ƙurarsa ke cutar da huhu, a irinta, Birtaniya kuma sai 1999 ta haramta shi gaba ɗaya. Tsohon fenti ma yakan ƙunshi dalma, kada a goge shi da sanfefa a bushe.

Tambaya: Wat nawa ya kamata in sa? Banɗakin mita 2 ne da 2.5, tayil ɗin kore ne mai duhu. Kuma ƙwan LED ba ya daɗewa a fitilar da muke da ita.

Amsa: Malama, yanzu da lumen, ma'aunin yawan haske, ake lissafi. Tsohon ƙwai mai wat 40 yana ba da kamar lumen 470, mai 60 kamar 800, mai 100 kamar 1,500. Ɗakinki murabba'in mita 5 ne. Banɗaki na son lumen 150 zuwa 200 a kan kowane murabba'in mita, wato 750 zuwa 1,000, a ɗauki 1,000. Amma farin gilashi yana shanye wani kaso, koren tayil ma haka, don haka ƙara rabi: 1,500. Ko ƙwai ɗaya mai 1,500, ko biyu masu 800. Biyun sun fi, haske ya fi bazuwa cikin gilashin, in ɗaya ya mutu kuma ba a shiga duhu ba.

Launin hasken, wanda ake aunawa da kelbin, ya zama 2,700 zuwa 3,000, wato fari mai ɗumi-ɗumi. Farin nan mai 6,500 yana mayar da tsohon tangaran kamar ya yi datti. A nemi wanda aka rubuta wa CRI 90 ko fiye, shi ke nuna launin fata da na tayil yadda suke. Ki kuma sani fitilar sili ita kaɗai ba ta wadatar da madubi: daga sama da baya take haskowa, sai inuwa ta kwanta ƙarƙashin ido da haɓa. Ƙananan fitilun bango biyu, dama da hagu da madubin, daidai tsawon fuska, su ne maganin.

Mutuwar ƙwai zafi ne. LED bai kai tsohon ƙwai zafi ba, amma 'yan kayan lantarkin da ke gindinsa ba sa jure ɗumi, fitila mai IP44 kuma a rufe take ruf. Sayi ƙwan da aka rubuta ya dace da rufaffiyar fitila, kada kuma a wuce wat ɗin da ke jikin fitilar. In akwai makunnin rage haske, yana iya zama shi ne mai laifin: na da an yi shi ne don nauyin tsofaffin ƙwayaye, da LED sai ƙyafta ido da ƙara. A sauya shi da na LED, ƙwan ma ya zama mai karɓar ragi. In za ki sayi sabuwar fitila, zaɓi wadda ake cire mata ƙwai, mai mazaunin E27 (na murɗawa) ko B22 (na dannawa a juya). Mai LED a haɗe da jiki in ta mutu gaba ɗayanta ake sauyawa, kuma ba lallai a sake samun irinta ba.

Tambaya: Ina da fitila ta asali, ta shekarun 1920, gilashinta sukuru uku ke riƙe da shi. In an sauya mata waya za ta shiga banɗaki?

Amsa: Sabuwar waya da sabon mazaunin ƙwai da wayar ƙasa za su sa ta yi aiki lafiya, Alhaji, amma ba za su ba ta IP ba; wannan gwajin masana'anta ne, kuma wuyan gilashin nan a buɗe yake. Wajen shiyyoyi kaɗai za ta zauna, a babban banɗaki mai iska. Sukurun uku a ɗaure su da yatsa, a bar gilashin yana ɗan juyawa, domin in ya ɗauki zafi ya buɗa zai tsage a wuya.

Tambaya: Fitilarmu sabuwa ce, IP44, amma ruwa na taruwa a cikin gilashin. Jabu aka sayar mana?

Amsa: Ba lallai ba, Malam. A kashe wuta a sauke gilashin a duba abu uku. Zoben robar da ke bakin gilashin: sau da yawa yana murɗewa ko ya faɗi lokacin sa ƙwai. Sai inda waya ta shigo ta baya: akwai 'yar roba da ya kamata a huda daidai kaurin wayar, wasu ma'aikata kan cire ta su yar, ko su ƙara huda gindin don sukuru ya dace da katako. Ta nan iska ke shiga, ta haɗu da sanyin rufi ta zama raɓa. Na uku, a hau sama a tabbata ba yoyon rufi ko na bututu ne ke bin waya yana saukowa ba. Ruwan yoyo yakan zo da launin ƙasa-ƙasa, raɓa kuwa garau take.

In duk ukun lafiya, tururin ne ya yi wa ɗakin yawa. IP44 fantsama take tarewa, ba a yi ta don ta hana tururi shiga ba. A sa fankar zuƙe iska mai ƙarfin lita 15 a daƙiƙa, wanda shi ne mafi ƙaranci a ƙa'idar gine-gine ta Ingila, in babu taga kuma ta ci gaba da juyawa minti 15 bayan an kashe fitila. A bar tazarar milimita 10 ƙarƙashin ƙofa don iska ta samu mashiga. Bututun fankar ya fita har waje ta bango ko ta rufi, a naɗe shi da abin hana sanyi inda ya ratsa cikin rufin, a kuma ɗan karkata shi zuwa waje don raɓar da ta taru a ciki kada ta komo kan silin.